Tarakta a Gonar Baffa

Tudun Kanya, Rimin Gado
Farkon damina

Zuwa ga maigidana, Abban Khaulat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da aikin da ya ƙwace mana kai. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Baffa Iliyasu yana gaishe ka, ƙafar tasa ta yi sauƙi har ya koma fita gona da sandarsa. Khaulat ta fara famfara, haƙoran gaba sun zube, tana ta rufe baki wai kada ka gani. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kafin ka zo sun tsiro.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Tun da aka ba ka shugabancin kamfanin hayar taraktocin gwamnati, wayarka ta koma hannun wani mai lallausar murya da kullum yake ce min kana mitin. Ran nan har tambaya ta ya yi wace alfarma nake nema. Na ce masa mijina. Ya ce zai isar. Shi ya sa na koma ga Nababa direba, mai kai kayan miya birni, domin shi ba ya tsoron masu gadi, kuma ya yi min alkawarin hannunka zai danƙa wa.

Ba ƙorafi na zauna yi ba, ko da yake ka san ni. Na san dalilin da ya hana ka zuwa, tun da a gabana aka yi. Zuwanka na ƙarshe tun zafi bai wuce ba, ko takalmi ba ka cire ba zaure ya cika. Wannan yana son a ɗauki ɗansa direba, wancan yana son tarakta ta fara da gonarsa, wani kuma cewa ya yi shi ya goya ka kana jariri. Tuwon da na yi maka ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa. Da za ka tafi ka ce min dokar kamfani ita ce wanda ya fara nema shi ake fara yi wa huɗa, ko ɗan waye, kuma kai ba za ka iya kallon idon dattijon da ya girmi mahaifinka ka ce masa a'a ba. Sai ka zaɓi kada ka ga idon kowa. To, har da nawa?

Tsakaninmu da kai bai kai tafiyar awa guda a mota ba, amma ko lokacin da kake karatu a Zariya na fi ganin ka. Idan na tashi daga makaranta na bi ta hanyar gonaki, sai in riƙa tuna yadda kake tsayawa ka nuna min iyakar kowa, kana cewa a ƙasarmu gonaki sun matsu da juna kamar sahun salla, layin gamba kaɗai ke raba su. Ina kewar wannan surutun naka da a da nake cewa ya yi yawa.

Ruwan shuka ya sauka. Baffa ya yi magana da abokinsa Malam Zubairu, maƙwabcinmu na gona, zai ara masa shanun huɗa kamar kowace shekara. Ka san Baffa, ko sau ɗaya bai ambaci tarakta ba. In an tambaye shi kai, sai ya ce yaro yana riƙe da amanar jama'a, a bar shi. Amma duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya ɗaga kai.

Ka zo ko da na yini ɗaya ne. In ka so ka shigo ta ƙofar baya, ta wajen turken awaki, ba zan gaya wa kowa ba.

Allah ya tsare min kai, ya yi maka jagora.

Matarka,
Ikilima


Tudun Kanya
Lokacin huɗa

Abban Khaulat,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiyar jiki muna da ita. Ka yi haƙuri da rubutun, cikin haushi nake yin sa.

Na roƙe ka ka zo, sai ka aiko mana da tarakta?

Ranar Talata da hantsi muka ji rugugi. Sabuwa fil, ja, da tambarin kamfaninku a jiki. Direban ya tsaya ƙofar gida yana tambayar gonar baban shugaba. Kafin Baffa ya sa hula, rabin gari ya fito, mata suna guɗa ta kan katanga, maza suna ta yi masa barka, wai yau ɗa ya tuna gida. Ni ina leƙe ta zaure, na ga fuskarsa. Wallahi bai so ba. Shanun Malam Zubairu suna ɗaure a gindin ɗorawa, an riga an ɗora musu garma. Amma ta yaya zai mayar da aiken ɗansa a gaban jama'a? Da ya yi haka, da yamma ba ta yi ba an ce ya tsine maka. Sai ya yi murmushi, ya sa albarka, ya wuce gaba yana nuna hanya.

Kai da kanka ka sha faɗa min gonakinmu ba na tarakta ba ne. Gonar Baffa tsawo gare ta, ba faɗi. Motar ta shiga, ta kai ƙarshe, ta rasa inda za ta juya, sai direban ya karkata ta cikin gonar Malam Zubairu. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Da ƙura ta lafa, layin gambar nan da ya raba gonakin biyu tun zamanin kakanninku babu shi babu alamarsa, an kife shi a ƙasa. Gona biyu sun koma fili ɗaya.

Malam Zubairu yana tsaye, sandar kora a hannunsa, yana kallo. Bai ce uffan ba, domin ba zai kunyata abokinsa a bainar jama'a ba. Baffa ma bai tsayar da direban ba, domin baƙo ne kuma ɗan aikenka. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, ana ta sa maka albarka. Har fura na dama wa direban, ni ma ga ni a cikin masu shirun.

Washegari abin ya fito. 'Ya'yan Malam Zubairu suka ce iyakar daga kututturen gawo ta miƙe, ƙannenka na gidan Baffa suka ce a'a, ta gabas da shi take. Abin da ake jayayya a kai bai fi faɗin tabarma ba, amma ka san yadda ƙasa take a nan. Dattawan biyu ba su yi wa juna magana mai zafi ba, sai dai abin da ya fi wannan ciwo: mutanen da tun ina yarinya nake jin kafaɗa da kafaɗa suke salla, yanzu ɗaya yana wannan ƙarshen sahu, ɗaya yana wancan. Baffa ya daina cin abincin kirki.

Ga kuma zaure. Tun da aka ga tarakta ta zo gidan nan, masu nema sun ninka. Yanzu ni ake kawo wa ƙwai da man shanu, wai in sa baki. Na mayar da wanda zan iya mayarwa, na tsofaffin kuwa na kasa.

Ban san me ya sa ka karya dokarka ba. In don ka faranta mana ne, da ƙafarka muka fi so. Ina fushi da kai, kuma ina kewarka, na rasa wanda ya fi yawa.

Ka huta lafiya.

Ikilima


Tudun Kanya
Lokacin noman fari

Maigidana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma yi maka sannu da abin da kake ciki. Takardarka ta iso, Nababa ya kawo min har ƙofar aji. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ka yafe min zafin da na yi maka.

Ashe ba ka sani ba. Ashe mataimakinka ne ya ga bai dace a ce shugaba yana da taraktoci a hannu, baffansa yana huɗa da shanun aro ba, ya tura ba tare da ya tambaye ka ba, don a ganinsa irin wannan ba a jira sai babba ya furta. Kuma direban da ya ga ɓarnar da ya yi, da wanda ya ba shi mai, da mai riƙe maka waya, duk sun sani, aka rasa mai shiga ofishinka da labari mara daɗi. Kamfani guda da ma'aikatansa, sai daga bakin matarka ta ƙauye ka ji inda motarka ta kwana. Na yi dariya, sannan na yi kuka.

Abin da ya fi tsaya min shi ne maganar Alhaji Ciyaman, shugaban 'yan hukumar da ke sa ido a kanku. Ka ce a taro ya yaba maka, ya ce madalla da ɗa mai tuna gida, sannan ya ce tun da haka ne, sauran taraktocin su fara da gonakin wasu manyan mutane da ya lissafa, ƙananan manoman da suka daɗe suna jira su ƙara haƙuri. Ka ce duk wanda ke teburin ya san ba daidai ba ne, har da masu digirin da suka gama yi maka gunaguni a waje, amma da aka zo kansu kowa cewa ya yi yadda Alhaji ya gani. Kai ma bakinka ya mutu, domin Alhaji sa'an mahaifinka ne, shi ya kai sunanka aka ba ka kujerar, ga kuma taraktar Baffa a wuyanka.

Ka tambaye ni ko tarbiyyarmu ce ta cuce mu. Na daɗe ina juya tambayar. Kullum ina koya wa Khaulat kada ta katse babba, kada ta kalli tsakiyar idonsa, kuma ba zan daina ba. Ba na son ranar da za ta zo a ce mijina ya ɗaga wa dattijo murya. Amma ai mu ma muna da hanyar faɗa wa babba gaskiya. Ba a taro ake yi ba. Gida ake samun sa, a cire takalmi, a zauna a ƙasa, a gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan a ce, Baba, akwai abin da ya hana ni barci. Haka ka yi wa mahaifina lokacin da ya ce in bar karatu, kuma ga ni ina koyarwa. Ban ce ka yi ba, tuni kawai na yi maka. Taraktocin nan na mutanen da ba su da ɗa a ofis ne.

Yanzu ga labarin gida. Mai unguwa ya zaunar da dattawan biyu. Malam Zubairu ya ce duk inda Iliyasu ya nuna ya yarda. Baffa ya ce ba zai nuna ba, domin gonar ba tasa ba ce shi kaɗai, rabi na marigayi mahaifinka ne da ba a taɓa rabawa ba, kuma ba zai ƙara ko ya rage taku ɗaya na gadon maraya ba sai maraya yana tsaye. Kai ne marayan, Yallaɓai, da furfurarka. Aka watse a kan cewa ba wanda zai taɓa wurin sai ka zo.

Don haka kowa ya shuka nasa, aka bar tsakiya. Gero ya tashi kore shar a dama da hagu, ga wani dogon zirin ƙasa a tsakani babu komai sai ciyawa. Daga ƙofar makaranta ina hango shi. Mutane sun fara kiran wurin jiran Kamaruddeen. Ka ga yau na rubuta sunanka, amma ba ni na faɗa ba, su suka faɗa.

Na wanke farar rigarka mai aikin wuya, ba don ta yi datti ba. Khaulat ta ce in gaya maka haƙori ɗaya ya leƙo.

Allah ya ba ka mafita, ya sanyaya maka zuciya.

Taka har kullum,
Ikilima


Tudun Kanya
Ƙarshen marka

Abban Khaulat, hasken gidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Yaya jikinka, yaya kuma haƙuri? Nababa ya ce ka rame, ya ce ya same ka a ɗakin abokinka a Rijiyar Zaki, tun da ka bar gidan kamfani. Ban ji daɗin jin haka daga bakinsa ba.

A rediyo muka fara ji, cewa an yi gyara a kamfanin taraktoci, an ɗaga mataimaki, kai kuma an gode maka. Sai takardarka ta zo ta cike min sauran. Ka je gidan Alhaji Ciyaman, ka zauna a ƙasa, ka faɗa masa komai, har ka ce a fara hukunci da taraktar da ta je gonar baffanka. Ya saurare ka har ƙarshe, ya sa aka kawo maka fura, ya kira ka ɗana, ya ce babu komai, ya raka ka har mota. Bai ce maka a'a ba, kamar yadda kai ma ba ka taɓa ce wa kowa ba. Bayan 'yan makonni sai ga sanarwa. Ni na nuna maka hanyar gidan Alhaji, na sani. In za a sake, zan sake nuna maka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarshen takardarka. Wai da wane ido za ka kalli mutanen gari, ka riƙe kujera ka sauka ba ka ɗauki ɗan kowa aiki ba, abu ɗaya da ya iso gida da sunanka kuma ɓarna ce. A da ka ƙi zuwa don kada a roƙe ka, yanzu kuma ka ƙi zuwa don babu abin da za a roƙa. To ni yaushe ne rabona?

Ba zan ɓoye maka ba, ana magana. Wasu sun ce ba ka iya zama da manya ba, wasu sun ce an ba ka dama ka yi wasa da ita. Wanda ya ce shi ya goya ka, ran nan ya wuce ni a hanya yana duban sama. Masu ƙwai sun ɗauke ƙafa. Zauren nan da ba a samun wurin aje takalmi, yau kaji ne ke kiwo a ciki. Ranar da na ji sanarwar na shiga ɗaki na yi maka kuka, na fito na ɗora tukunya, sai na tsinci kaina ina waƙa. Allah ya yafe min, amma na yi murna, domin na ɗauka an sako min kai.

Bari in gaya maka abin da Baffa ya yi. Da labarin ya iso majalisa, wani ya fara cewa ai yaron nan, sai Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce shi dai ya san ɗansa ya je gidan babba ya faɗi gaskiya a zaune, ba a tsaye ba, kuma wanda ya iya fiye da haka a nan ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Malam Zubairu ne ya ce, “Haka ne, Iliyasu.” Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu a gaban mutane tun ranar taraktar. Da magariba aka gan su a sahu, saura mutum ɗaya a tsakaninsu.

Jiya su biyun suka tafi bakin fadama, ɗaya da sanda ɗaya da fartanya, suka haƙo tushen gamba, suka cika buhu. Yana nan bayan ɗakina a inuwa, ni nake yayyafa masa ruwa safe da yamma. Sun ce su sun tsufa da jayayya, duk inda ka sa ƙafa nan ne iyaka, su dasa, a shafa fatiha. Amma ka fi ni sanin gamba: in ba a dasa ta ƙasa tana da laima ba, ba za ta kama ba. Ruwa ya fara tsallake kwanaki, gero ya fitar da kai. In damina ta wuce, zirin nan zai kwana har baɗi a buɗe, kuma ban san ko duka dattawan biyu za su ga baɗin ba. Ganyen da ke bakin buhun ya fara yin ja.

Ba sai ka biyo ta turken awaki ba. Ka shigo ta ƙofar gaba da rana tsaka, babu wanda zai tare ka. Mai roƙo ɗaya ce ta rage a gidan nan, tun bazara take kan layi, kuma bisa dokarka wanda ya fara nema shi ake fara yi wa.

Khaulat tana gaishe ka da haƙoranta sababbi, duka biyun. Baffa ya ce in rubuta maka Allah ya yi maka albarka, kuma kada in ƙara komai a kai.

Kada ka wahalar da kanka neman biro. Na ce wa Nababa in ka miƙo masa takarda kada ya karɓa. Zai gama sauke kaya kafin azahar, kuma ya bar kujerar gaba babu kowa.

Matarka mai jiran ka,
Ikilima